Sauya Manhajar Saita Manyan Kwamfutoci: Riba Da Hasara

Ɗan kasuwar da ke Ogui a Enugu, ko takwaransa na Onitsha da Fatakwal, ya san cewa cinikinsa na tsayawa cik duk ranar da kwamfutocin banki suka ƙi aiki, kamar yadda aka gani lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023. Waɗannan manyan kwamfutoci, wato sabar, yawansu ya wuce a riƙa saita su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka akan rubuta tsarin da ake so sau ɗaya, wata manhaja ta aiwatar da shi a kan dukkansu.

Ta farko da ta yi fice ita ce CFEngine, wadda Mark Burgess ya ƙirƙiro a 1993. Puppet ta biyo baya a 2005, Chef a 2009, sannan Ansible a 2012.

Babban abin da ke sa kamfanoni sauya sheƙa shi ne canjin mai mallaka da sharuɗɗan lasisi. Red Hat ya sayi Ansible a 2015. Progress ya sayi Chef a 2020 kan dala miliyan 220. Perforce kuma ya sayi Puppet a 2022. Ga kamfanin da ke samun kuɗinsa da Naira yana biyan lasisi da dala, wannan lamari ne na lissafi.

Sai dai sauyin ma yana da nasa farashi. Dole a sake rubuta tsarin baki ɗaya, domin Chef da harshen Ruby take aiki, Ansible kuwa da YAML. Dole kuma a horar da ma'aikata. Bugu da ƙari, Puppet tana girke wakili a cikin kowace sabar, wanda bisa al'ada yake duba saiti duk minti 30. Idan ba a dakatar da shi ba, zai riƙa warware abin da sabuwar manhaja ta ɗaura.

Don haka hanya mafi aminci ita ce ƙaura kashi-kashi: a fara da sabar gwaji, a bar masu ɗauke da kuɗin jama'a zuwa ƙarshe. Wajen yanke shawara kuwa, kuɗin da aka riga aka kashe ba ya shiga lissafi. Abin aunawa shi ne kuɗin ƙaura da kuma abin da za a rage a shekaru masu zuwa.