Lita nawa banɗakinka yake sha?

A Samaru, daga Hayin Dogo zuwa Ɗanraka, gidajen hayar da ake gina wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da yawa yanzu da masai mai tanki ake yin su, don shi ke ƙara wa ɗaki daraja. Ruwan kuwa sau da yawa daga rijiya, burtsatse ko kurar 'yan garuwa yake zuwa. Duk da haka sai maigida ya shiga kasuwar Sabon Gari, ya duba launi da sheƙin tangaran, ya yi ciniki ya biya, bai tambayi lita nawa abin yake zubarwa a dannawa ɗaya ba. A ganina wannan tambayar ta fi ta farashi muhimmanci.

Tankin da ke baya ma'aji ne kawai. A cikinsa akwai wata roba mai yawo a kan ruwa: ruwa na hawa tana hawa, in ya kai iyaka ta toshe mashigarsa. Da an danna, murfin ƙasa zai buɗe, ruwan ya zubo gaba ɗaya ya tura ƙazanta ta wani lanƙwasasshen bututu. Ɗan ruwan nan da kullum ke kwance a gindin kwanon, lanƙwasar ce ta riƙe shi, kuma shi ke tare warin sokawe. Ke nan ƙarfin zubowar ruwan da ƙirar kwanon ne suke wanki, yawansa kaɗai ba ya yi.

Tsofaffin tankuna lita 9 suke ci, wasu har 13. A 1980 kamfanin Caroma na Ostareliya ya ƙera mai maɓalli biyu, ƙarami na fitsari, babba na bayan gida; irinsa na yau yawanci lita 3 da 6 ne. Mu ɗauki gida mai mutum takwas, kowa ya zaga sau huɗu a yini. Da tankin lita 9, lita 288 ke nan, jarka 11 da ɗoriya in jarkar mai lita 25 ce. Da mai maɓalli biyu, in kowa ya danna babba sau ɗaya ƙarami sau uku, lita 120 ne, bai cika jarka biyar ba. Ga kuma sokawe ba zai yi saurin cika ba, wanda duk ya taɓa kiran motar kwashewa ya san abin da hakan ke nufi.

A Amurka har lada ake ba mutum in ya sauya tsohon masai da mai cin ruwa kaɗan. Dokar 1992 ta taƙaita sababbin masai ga lita 6, a 2006 kuma hukumar kare muhallinsu ta fito da shirin WaterSense, mai ba da tambari ga wanda bai wuce lita 4.8 ba. Birnin New York ya biya kuɗin sauya fiye da miliyan ɗaya tsakanin 1994 da 1997. Sharaɗin irin wannan lada a yau galibi shi ne kana biyan hukumar ruwa, tsoho za ka cire, ka sayi mai tambari, ka nuna rasit. Dabarar ita ce rage ɓarna ya fi gina sabuwar madatsa araha. A nan gida kuwa, wanda ke sayen ruwa a hannun ɗan garuwa ko yake ƙona fetur ya tura ruwa tankin sama, nasa rangwamen a aljihunsa zai gan shi, kowace safiya.

Sai dai a yi hattara. Ruwa kaɗan yana bukatar bututu mai gangare sosai. In mai gyaran famfo ya shimfiɗa shi a kwance ba gangare ko ya yi nisa da rami, toshewa za ta zo, a koma danna sau biyu, an yi ba a yi ba. A kuma tambayi mai shago ko ana samun kayan cikin tankin in sun lalace, domin robar murfi ce ke fara mutuwa, ruwa ya yi ta silalewa dare da rana ba ƙara. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗiga bular wanki a tanki, kada a danna, a dawo bayan rabin awa. In shuɗi ya bayyana a kwano, akwai yoyo.

Gidan da ruwa bai hawa bututu ma, tanki ado ne kawai. Gara na tsugunno da ake kora da bokiti, ko kwanon roba na SATO da ake ɗorawa a bakin salga, mai marfin da ke rufe kansa, wanda ruwan buta ɗaya ya ishe shi.