RIƘEWAR FITSARI: CIWON DA KUNYA TAKE ƁOYEWA

Yawancinmu mun san wani dattijo a gida ko a unguwa wanda yakan tashi sau huɗu ko biyar da dare domin ya kewaya. Kullum kujerar bakin ƙofa yake zaɓa a wurin taro ko wurin sujada, ya kuma daina yin doguwar tafiya a mota. In aka tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Ai tsufa ne kawai." Sau da yawa ba tsufa kaɗai ba ne. Mai yiwuwa ne mafitsararsa ta daina fitar da dukan fitsarin da ke cikinta, watau yana fama da riƙewar fitsari mai daɗewa. Mun ga ya kamata mu yi bayani a kan wannan ciwo, gama yana da magani, amma kunya takan sa a ɓoye shi har sai ya taɓa ƙoda.

Yadda Jiki Yake Fitar Da Fitsari

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, dama da hagu, daidai ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinsu shi ne tace jini dare da rana. Abin da suka tace yakan kai lita ɗaya zuwa biyu a yini, ya gangara ta wasu siraran bututu biyu zuwa mafitsara, wadda take cikin mara. Mafitsara jaka ce ta tsoka. Ta babban mutum takan ɗauki mililita 400 zuwa 600, watau kimanin ledar ruwan sha guda. Sa'ad da ta cika, jijiyoyi sukan kai saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, sai mutum ya ji fitsari ya matsa shi. In ya tsuguna, abu biyu ne suke faruwa tare: tsokar mafitsara ta matse, tsokar da ke tsaron bakin hanya kuma ta saki. Mai lafiya yakan gama ya tashi babu wani abin kirki da ya rage a ciki.

Daga nan za mu gane cewa fitsari yana riƙewa ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai wani abu ya tare hanya, ko kuwa mafitsarar ce ta rasa ƙarfin matsawa.

Riƙewa Iri Biyu Ce

Akwai ta farat ɗaya. Mutum yana jin fitsari ƙwarai amma ko ɗigo ba ya fita, mara ta kumbura, ga azabar ciwo. Wannan ba ya ɓoyuwa, kuma ba a jiran gari ya waye. Asibiti ake nufa nan take.

Ta biyun ita ce muke magana a kanta. Ita a hankali take zuwa, cikin watanni ko shekaru. Mutum yana yin fitsari kullum, amma kowane lokaci sai wani kaso ya rage. Mafitsara ta yi ta buɗewa kamar tsohuwar roba, har ta saba, ta daina kai ƙara. Likitoci da yawa sukan ce ciwon ya tabbata in aka auna sau biyu aka tarar da abin da ke raguwa ya haura mililita 300, watau kusan cikin kwalbar lemo, kuma abin ya kai wata 6 yana haka. A wasu mutane yakan wuce lita guda ba tare da sun ji zafi ba. Rashin zafin nan shi ne haɗarinsa.

Alamun Da Za A Lura Da Su

Mutum yakan daɗe a tsugune kafin fitsari ya fara fita, sai ya yi nishi. In ya fito ba shi da ƙarfi, yana yankewa yana dawowa, ya ƙare da ɗiga. Bayan ya gama yakan ji kamar da saura, ba da jimawa ba kuma ya sake komawa. Da dare barci ba ya yiwuwa. Mara tana iya tasowa ta yi tauri.

Akwai wata alama da take ruɗin mutane. Tulun da ya cika, in aka ƙara masa ruwa ta baki yake zuba. Haka ma mafitsarar da ta cika maƙil takan riƙa yoyo, har mutum ya jiƙa wandonsa bai sani ba. 'Yan gida sai su ce, "Yaya za a ce fitsari ya riƙe, ga shi yana zuba?" Saboda haka dattijon da ya soma fitsarin kwance bayan shekaru masu yawa yana bukatar ganin likita da wuri. Faɗa ko gori ba za su amfane shi da kome ba.

In aka bar abin haka, fitsarin da ya kwanta yakan zama gidan ƙwayoyin cuta, kamar ruwan kududdufi. Tsakuwa tana iya haɗuwa a cikin mafitsara. Mafi muni, matsin yakan koma sama ya kumbura ƙoda, su riƙa lalacewa a hankali. Zazzaɓi da rawar sanyi, ciwon kwiɓi, jini a fitsari, amai, kumburin ƙafafu, ko rikicewar tunani a tsoho, duk alamu ne na a tafi asibiti a ranar.

Abubuwan Da Suke Kawo Shi

A wajen maza manya, babban dalili shi ne girman wani ƙululu da likitoci suke kira furostet. Maza kaɗai suke da shi. Yana ƙarƙashin mafitsara, girmansa kamar goro, hanyar fitsari kuwa ta tsakiyarsa ta ratsa. Yayin da namiji yake manyanta shi ma yana ƙara girma, har ya shaƙe hanyar. Kimanin rabin maza 'yan shekara 51 zuwa 60 suna da wannan girma, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa yakan kai 9 cikin 10, ko da yake ba dukansu ne yake dama ba. Girman nan ba ciwon daji ba ne. Amma da yake ciwon daji ma yana kama wurin, likita yakan duba domin ya bambanta.

Dalili na biyu ya shafi matasa. Ciwon sanyi da ake ɗauka ta wurin jima'i, in ba a yi masa cikakken magani ba, yakan bar tabo a cikin hanyar fitsari. Tabon ya yi ta tsukewa, sai bayan shekaru mutum ya ga fitsarinsa ya zama kamar zare. Rauni ma yana barin irin wannan tabo, alal misali faɗowa a kan ƙarfen keke ko karayar ƙugu a haɗarin mota. Tsargiya kuma, wadda yara suke ɗauka wajen wanka a tafki da madatsar ruwa, in ta daɗe ba magani takan ɓata bangon mafitsara.

Mata ma ba su tsira ba, ko da yake bai cika kama su kamar maza ba. Zazzagowar mahaifa bayan haihuwa da yawa, ko babban ƙari a mahaifa, suna iya danne hanya.

Sai kuma lalacewar jijiyoyi. Ciwon sukari da ya daɗe, rauni a laka, da shanyewar ɓarin jiki suna iya sa mafitsara ta kasa jin ta cika, ko ta kasa matsawa. Taurin bayan gida yana ƙara tsananta abin. Haka ma wasu magunguna: na mura masu sa barci, irin su Piriton, da tiramol, da kodin. Wannan ƙarin dalili ne na guje wa shan magani barkatai.

Abin Da Za A Yi A Asibiti

Tsoron abin da za a tarar yana hana mutane da yawa zuwa, alhali binciken ba mai wuya ba ne. Likita zai yi tambayoyi, ya taɓa mara, ya sa yatsa cikin safar hannu ya duba furostet ta dubura. Abin bai fi minti ɗaya ba. Za a gwada fitsari, a gwada jini domin a ga lafiyar ƙoda. Sa'an nan a ce mutum ya je ya yi fitsari, da ya dawo a ɗauki hoton mara da na'ura a ga yawan abin da ya rage. Kada a manta a tafi da dukan magungunan da ake sha, har da na gargajiya.

Hanyoyin Magani

Magani ya dogara ga dalili da kuma halin da ƙoda take ciki. Wanda abin da ke rage masa kaɗan ne, ƙodarsa lafiya, ba ya kuma yawan kamuwa da cuta, likita yana iya cewa a riƙa sa ido kawai, ana dawowa awo.

Na farko, ƙwayoyi. Akwai irin su tamsulosin, masu sassauta tsokar furostet da bakin mafitsara. Sukan fara aiki cikin 'yan kwanaki, amma suna iya kawo jiri in mutum ya miƙe da sauri. Akwai kuma finasteride, wanda yake rage girman furostet kansa, sai dai yana bukatar haƙuri, gama yakan ɗauki wajen wata 6 kafin a ga amfaninsa. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayarsa in ta fashe. Likita ne kaɗai zai rubuta su.

Na biyu, roba. Siririn bututu ne mai laushi da ake zurawa ta hanyar fitsari zuwa mafitsara. Irin wadda ake bari a jiki tana da ɗan balan-balan a bakinta, wanda ake cika da ruwa domin kada ta zame. Wani likita Ba'amurke mai suna Frederic Foley ne ya fito da ita, ta bazu tun shekarun 1930, har yau kuma da sunansa ake kiranta. In hanya ta toshe sarai, akan huda mara a sa robar kai tsaye. In matsi ya riga ya taɓa ƙoda, sa roba shi ne matakin farko, kuma akan kwantar da mutum a lura da shi, domin fitsari yakan zuba da yawa a kwanakin farko.

Akwai wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba. A 1972 wani likita a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa majiyyaci da kansa yana iya wanke hannu, ya zura roba mai tsabta, ya zubar da fitsarin, ya cire ta. Akan yi haka sau 4 zuwa 6 a yini, gwargwadon shawarar likita. Ma'aikacin jinya ne yake koyarwa. Mai yin haka ba ya yawo da jaka, yana zuwa gona da kasuwa kamar kowa. Ta fi dacewa da waɗanda mafitsararsu ta rasa ƙarfi.

Na uku, tiyata. Ga furostet, akan shiga da na'ura ta hanyar fitsari a kankare abin da ya tare, ba tare da an yanka ciki ba. In ya yi girma ainun, ko babu na'urar, akan yanka mara a cire. Ga tabo kuma, akan buɗa hanyar, ko a tsaga tabon, ko a yanke wurin a gyara. Amma a sani, tiyata hanya take buɗewa. In mafitsara ta riga ta saki saboda daɗewa, wani ko bayan aiki sai ya ci gaba da amfani da roba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Zama Da Ciwon Yau Da Kullum

Ga wasu abubuwa da suke taimakawa a gida:

1. A riƙa kewayawa bayan kowace awa 3 ko 4, ko ba a ji matsi ba. In an gama a dakata kamar minti ɗaya a sake gwadawa.

2. Kada a ƙi shan ruwa don tsoron fitsari, balle a lokacin bazara. A sha sosai da rana, a rage in an kusa kwanciya.

3. A rage shayi, kofi da goro, musamman da yamma. Giya da burukutu suna iya mai da riƙewa mai sauƙi ta zama ta farat ɗaya.

4. A yawaita ganye, kamar zogale da alayyafo, da 'ya'yan itace, domin bayan gida ya yi laushi.

5. Mai roba ya wanke hannu kafin ya taɓa ta da bayan ya taɓa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu kullum. Jaka ta kasance ƙasa da mara koyaushe, a zubar kafin ta cika, kada bututun ya lanƙwashe.

6. Kada a fizge roba, gama balan-balan ɗin zai yaga hanya. A kiyaye ranar canji. Wata akan canja ta bayan mako 4, wata tana kaiwa mako 12. In fitsari ya daina zuba cikin jaka, a koma asibiti.

7. Kada a cusa tsinke ko wani abu a hanyar fitsari, kada kuma a yi ta ɗura wa mutum jiƙe-jiƙe domin "ya buɗe". Ƙarin ruwa ne kawai a tulun da ya riga ya cika.

Namu Aikin

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan makaranta da ciwon tsofaffi? Mu ne muke komawa gida hutu, mu ne muke kwana kusa da kakanninmu, mu ne kuma ake aika sayen magani. Dattijo ba zai kira jikansa ya gaya masa irin wannan damuwa ba. Amma yaro mai hankali yana iya samun mahaifiyarsa ko kawunsa a keɓe ya ce, "Kawu, na lura Baba yana yawan fita da dare, mun kuwa karanta cewa abin yana da magani. Ko za a kai shi a duba?" Wannan ba rashin kunya ba ne.

Wanda aka sa wa roba kuma yana bukatar a riƙe masa mutuncinsa. Babbar riga tana rufe jaka sarai. Kada a ware masa kwano, gama ciwon ba a ɗaukarsa ta cin abinci ko zama tare. A ci gaba da zuwa gaishe shi, a riƙa neman shawararsa kamar dā. Mu matasa kuma mu kiyaye kanmu tun yanzu: mu guji abin da ke kawo ciwon sanyi, mu nemi maganin tsargiya da zarar mun ga jini a fitsari, mu nisanci ƙwayoyin maye. Lafiya uwar jiki ce. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa iyayenmu tsawon rai.