Mota Mai Ƙwanji: Inji Ke Jawo Mai Saye, Dila Ke Riƙe Shi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a hanyar Maraɗi zuwa Jibiya saboda ƙaramin ƙarfe ɗaya ya lalace a motarsa, ya san cewa cinikin mota ba ya ƙarewa ranar da aka ƙirga kuɗi. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa wannan magana ita ce ke raba gardama har a Amurka, wajen sayen irin motocin nan da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji.

Mota mai ƙwanji dai mota ce mai ƙofa biyu galibi, wadda aka ɗora wa ƙaton inji mai silinda takwas, ƙafafun baya ke tura ta. Yayinta ya soma ne a 1964, lokacin da Pontiac GTO da Ford Mustang suka fito. Chevrolet Camaro ta biyo baya a 1966, sannan Dodge Challenger ƙirar 1970. Gasar ƙarfi ta yi zafin da har samfurin Challenger mai suna Hellcat, ƙirar 2015, ya fito da ƙarfin doki 707. Da yake kowace daga cikinsu tana da gudu da ƙugi da farin jini, sau da yawa mai saye kan rasa ta zaɓa. A nan ne dila ke shigowa.

A yawancin jihohin Amurka doka ba ta bar tsofaffin kamfanonin mota su sayar wa mutum sabuwar mota kai tsaye ba, sai ta hannun dila mai izini. Kamfani na rubuta farashin da ya ga ya dace a jikin gilashi, amma dila ba ya cikin tilas ya tsaya a kai. Idan mota ta yi ƙaranci, wasu dilolin kan yi ƙari mai yawa, kamar yadda buhun gero ke tashi da bazara. Abin ya kai ga lokacin da Dodge ta fitar da samfurin Demon ƙirar 2018, sai ta ce motocin da aka sayar bisa farashinta ko ƙasa da shi su za a fara ƙerawa, don ta taka wa masu tsuga kuɗi burki. Mutumin da ya shiga shago da niyyar sayen wata mota, aka yi masa ƙari, aka hana shi ɗana ta a titi, ko aka cusa masa wasu kuɗaɗe a cikin takardu, ba wuya ya tsallaka titi ya sayi ta abokan gasa.

Bayan saye kuma sai maganar garanti. Bisa al'ada waɗannan kamfanoni kan ba da shekara 3 ko mil 36,000, kimanin kilomita 58,000 ke nan, a kan mota gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. To sai dai takarda ba ta riƙe sifana. Garejin dila ne zai duba motar, shi zai nemi amincewar kamfani, shi zai yi odar kayan gyara. Haka zalika idan kamfani ya gano aibi mai haɗari ya kira motoci, a wurin dila ake gyarawa kyauta. Masu irin waɗannan motoci kuma suna son ƙara wa inji ƙarfi, abin da ke iya sa a ƙi biyan gyara idan ƙarin ne ya jawo ɓarnar. Dila na ƙwarai shi ne mai faɗa maka haka tun kafin ka taɓa inji, ba bayan ya buga ba.

Tarihi ma ya nuna muhimmancin wannan. A 2009 da kamfanin Chrysler, mai Dodge, ya karye, ya sallami diloli 789. A 2010 aka rufe Pontiac baki ɗaya, masu motocinta suka koma neman gyara wurin sauran dilolin General Motors. A ƙarshen 2023 an daina ƙera Camaro da Challenger, Mustang ce ta ci gaba. Don haka mai sayen ta hannu dole ya tambaya: wa zai gyara, kuma ina kayan?

Mu ma nan tambayar ke nan. Ba kyan fenti ya sa Peugeot 504 ta yi zamaninta ba, ba kuma shi ya sa Toyota ta cika tashoshinmu ba. Dalili shi ne daga Birnin Ƙonni har Illela akwai makanikin da ya san su, akwai shagon da ke da kayansu. Motar da ta ƙetaro teku daga Amurka kuwa, yawanci garantinta ba ya biyo ta. Idan fanfon manta ya mutu, sai a yi makonni tana shan ƙura ana jiran saƙo, kuɗin da ya kamata su juya a kasuwa suna kwance.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kafin ka buga injin ka ji daɗin ƙuginsa, ɗan'uwa, leƙa garejin mai sayarwa, ka tambayi waɗanda suka riga ka saye yadda ya yi da su ranar da suka koma da kuka. Allah Ya sa mu sayi alheri.