Kyanwar Maƙwabta Da Kajin Tsakar Gida: Wa Ke Da Laifi?

A unguwannin Hausawa na Agege da Sabo ta Ibadan, inda gida ke manne da gida, ɓatan ɗan tsako guda kan isa ya raba maƙwabta. Da an ƙirga an ga babu ɗaya, sai a ɗora wa kyanwar gidan gaba laifi, wani sa'in har a sa mata guba.

To, amma hukuncin nan ya yi tsauri. Kyanwar da ake ciyarwa da wuya ta tunkari babbar kaza, balle zakara. Kaza mai 'ya'ya kuwa, in ta buɗe fukafukai ta yi kanta, mage kan ja da baya. Haɗarin yana kan 'yan tsaki ne a makonninsu na farko, bayan kwana 21 na kwanci, musamman na gidan gona waɗanda aka sayo babu uwa. Muzurun da ba shi da ubangida, mai kwana a juji, shi ne abin tsoro, domin in ya ɗanɗana sau ɗaya zai dawo.

Ga kuma shirwa da rana, ga gafiya da ɓera da dare. Wanda ya kashe kyanwa ya buɗe wa ɓera ƙofa ke nan. Duk ɓarnarsu kuwa ba ta kai ta cutar Newcastle ba, wadda kan share akurki cikin 'yan kwanaki da hunturu, alhali kuwa ana yin rigakafinta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom.

Abin da ya kamaci mai kiwo shi ne ya kewaye 'yan tsaki da ragar waya mai ƙananan idanu, ya kuma rufe akurki tun kafin magariba.