Gaskiya ko Jita-jita: Yaya Ake Gane Dabba Tana Cikin Jin Daɗi?

Duk wanda ya taɓa shiga kara ana gab da Babbar Sallah ya san yadda ake duba rago. A shafa gadon baya, a matsa cinya, a buɗe baki a ƙirga haƙora, sannan a koma ciniki da dillali. Wannan duba na mai saye ne, abin da yake nema nama ne. Akwai kuma wata tambaya da ba kasafai ake yi ba: shi ragon, yaya rayuwarsa take a turken da ya yi wata uku a ɗaure?

Masana sun daɗe suna neman hanyar amsa ta. A 1964 wata 'yar Ingila, Ruth Harrison, ta fitar da littafi kan yadda ake cunkusa kaji da maruƙa da aladu a manyan gidajen gona, hankalin jama'a ya tashi, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Rogers Brambell, wanda ya miƙa rahotonsa a 1965. Daga wannan rahoto ne aka tsara haƙƙoƙi biyar na dabba a 1979: kada ta zauna da yunwa ko ƙishirwa, kada makwancinta ya takura ta, kada a bar ta da ciwo ko rauni, kada ta rayu cikin tsoro, kuma a bar ta ta yi ɗabi'un da aka halicce ta da su. Idan aka ɗora maganganun da muka saba ji a kan wannan ma'auni, wasu sukan tsaya, da yawa sukan faɗi.

“Tunda ta yi ƙiba, ai tana jin daɗi”

Jita-jita ce, kuma ita ta fi kowace cutar da dabbobi, domin tana kwantar wa mai kiwo hankali. Rama alama ce ta wahala, wannan ba gardama. Amma ƙiba tana nuna abinci ya shiga jiki ne kawai.

Kajin nama na gidan gona, waɗanda ake kira buroila, su suka fi fito da wannan fili. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Alberta ta Kanada ya kiwata irin kajin 1957 da irin na 2005 da abinci iri ɗaya. Bayan kwana 56, tsohon iri bai kai kilo ɗaya ba, sabon ya haura kilo huɗu. Tsoka tana girma da sauri fiye da yadda ƙashi da zuciya za su iya ɗauka. A 2008 masu bincike a Jami'ar Bristol suka duba kaji kusan 51,000 a gonakin Birtaniya, suka tarar fiye da kashi 27 cikin ɗari ba sa iya tafiya da kyau tun suna da kimanin kwana 40. Tun kafin nan an taɓa ajiye wa irin waɗannan kaji abinci kala biyu, ɗaya da maganin rage zafin ciwo a ciki. Guragun cikinsu suka fi lafiyayyun cin mai maganin, tafiyarsu kuma ta gyaru. Kazar da ka gani kwance kusa da mazubin abinci, tana ja da ƙirji in za ta sha ruwa, ba lalaci ke damunta ba. Ƙafafunta ke mata ciwo.

Ragon layya ma yana da nasa. Mai kiwo yakan cika shi da dusa don ya yi saurin kumari, harawa kaɗan, ruwa sau ɗaya a rana. Dusa tana da sinadarin fosfaros da yawa, kuma idan ya rinjayi kalsiyam a abincin rago, tsakuwa takan taru a mafitsara ta toshe hanyar fitsari. Sai ka ga ƙaton rago mai sheƙi yana gantsarewa, yana yunƙuri, yana cizon haƙora, fitsari na ɗiga da kyar. In ba a kai ga likitan dabbobi da wuri ba, mafitsarar tana iya fashewa. Wadataccen ruwa da harawar wake ko ta gyaɗa da ɗan gishiri suna rage wannan haɗari ƙwarai.

“Da tana jin ciwo da ta yi kuka”

Wannan ma ba haka ba ne. Tunkiya da saniya dabbobi ne da kura da zaki ke farauta tun asali, kuma wadda ta nuna rauni a cikin garke ita ake fara kamawa. Saboda haka suna ɓoye ciwo iyakar iyawarsu. Ɗan maraƙin da aka yi wa dandaƙa ko lalas da ƙarfe mai zafi yakan miƙe ya koma wajen uwarsa shiru, mu kuma mu ce bai ji komai ba. Gwajin jini yana nuna sinadarin tashin hankali ya hau, cin abincinsa kuma yakan ragu.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma masana sun bi ta nan. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka tsara ma'aunin gane ciwo daga fuskar tunkiya: ido ya ƙanƙance, kumatu sun ɗaure, kunnuwa sun faɗi ko sun juya baya, leɓe da hanci sun sauya fasali. An yi wa doki irinsa a 2014. Jaki kuwa ya fi kowa haƙuri, kuma wannan haƙurin ne ke jawo masa duka. Likitocin da suka ƙware a kansa suna ɗaukar jakin da ya sunkuyar da kai ya daina cin abinci a matsayin mai buƙatar taimakon gaggawa, alhali mai shi na iya cewa taurin kai ne.

“Kazar da ke yawo a tsakar gida ta fi ta keji jin daɗi”

A nan akwai gaskiya, sai dai rabi ce. Kazar gida tana tono, tana birgima a ƙasa don tsabtace gashinta, tana hawa reshe da dare, tana neman lungu ta yi ƙwai. Waɗannan buƙatu ne na gaske: a gwaje-gwaje an ga kaza tana ture ƙofa mai nauyi don ta isa wurin da za ta saka ƙwai a ɓoye. Tsohon kejin kajin ƙwai a Turai yana bai wa kowace kaza murabba'in santimita 550 ne, wanda bai kai faɗin takardar A4 ba, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta shi daga 2012.

Ɗaya rabin kuma kowace mai kiwon kaji a ƙauye ta san shi. Shaho yana ɗauke 'yan tsaki, ƙwarƙwata da ƙuma suna shan jini, kuma idan hunturu ya kama annobar Niyukasil tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, ga rigakafinta kuwa ana yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Sakin dabba ba ya wadatarwa, kamar yadda ginin siminti mai fanka ba ya wadatarwa. Wannan ne ya sa babban shirin Tarayyar Turai na auna walwalar dabbobi, wanda ya gudana daga 2004 zuwa 2009, ya fi ba da ƙarfi ga duba dabbar kanta: gurgunta, miki, tari, zawo, da ko tana gudun mutum in ya matso.

“Maganar Turawa ce, ba ta shafe mu ba”

Mai faɗin haka ya tuna sharuɗɗan layya. Dabba mai bayyanannen gurgunta, ko ciwo, ko makantar ido ɗaya, ko matsananciyar rama ba ta isar wa mai layya. An kuma umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Duba jikin dabba don sanin halinta ya daɗe a wurinmu, abin da muka rage shi ne yin sa a sauran watannin shekara.

“Ai yanka za a yi, wahalar hanya ba komai ba ce”

Ko da mutum ya ajiye tausayi gefe, wannan magana asara ce. Shanun da aka loda a tirela daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas suna yin tafiyar fiye da kilomita dubu, sau da yawa ba ruwa ba hutu, ƙaho na sukar na kusa. Dabbar da ta galabaita haka tana ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta. Bayan yanka, wannan sukarin ne ke juyewa ya ba nama ɗan tsamin da ke sa shi ja da daɗewa. In babu shi, naman yakan fito da duhu, a bushe, kuma ya yi saurin lalacewa. Inda sanda ta sauka kuwa jini ke kwanciya, mahauci ya yanke ya zubar, fatar ma ta rage daraja.

A Amurka, Farfesa Temple Grandin ta mayar da wannan abin ƙirgawa a mayanka: cikin shanu ɗari, nawa suka faɗi, nawa suka yi kuka lokacin da ake kora su. Idan masu kuka suka wuce uku, ko masu faɗuwa suka wuce ɗaya, mayankar ta faɗi jarrabawa. Da kamfanin McDonald's ya fara bincikar masu sayar masa da nama da wannan ma'auni a 1999, mayanku suka gyara daɓensu mai santsi, suka rage duka.

“Sai mai na'ura ne zai iya auna wannan”

A'a. Yawancin aikin ido ne da hannu. Ɗora tafinka a kan kwankwason tunkiya, bayan haƙarƙari na ƙarshe, domin gashi yana ruɗi: in ƙashin baya ya soki hannunka ta rame, in ka kasa jin sa sam kitse ya yi yawa. Ja fatar idonta ta ƙasa a cikin hasken rana. Ja mai kyau lafiya ce, fari-fari kuwa alama ce tsutsar ciki ta shanye mata jini. Wannan dabara, da ake kira FAMACHA, a Afirka ta Kudu aka tsara ta, tana da kati mai launi biyar, kuma tana sa a ba da maganin tsutsa ga masu buƙata kaɗai. Sai ka tsaya daga nesa da safe lokacin da ake sakin garke, ka lura da wadda ta rage a baya, da wadda ta ware ita kaɗai, da wadda ta kwanta ba ta tuƙa. Waɗannan ukun su za a fara kamawa a duba, kafin a kora sauran kiwo.