Ƙiba: Rawar da tattara hankali ke takawa a gaban akushi, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa mutum biliyan 2.5 masu shekara 18 zuwa sama nauyinsu ya zarce ƙima, kuma miliyan 890 daga cikinsu sun kai matakin da likitoci ke ɗauka a matsayin ƙiba mai haɗari. Ma'aunin ba shi da wuya: ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Idan sakamakon ya kai 25 nauyi ya yi yawa, idan ya kai 30 ƙiba ce. Mai tsawon mita 1.7 ya shiga rukunin farko da kilo 73, ya shiga na biyu da kilo 87.

Shawarar da ake bayarwa kowa ya haddace ta: a rage ci, a motsa jiki. Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin lomar da ke zama teɓa ba yunwa ce ke kai ta baki ba. Ma'aikacin da ya baro Mararaba ko Kubwa da sanyin safiya, ya sha cunkoso kafin ya isa Sakatariyar Tarayya, sau da yawa a gaban kwamfuta yake cin abincin rana, ido na kan takarda, hannu na kan cokali. A ɗakin taro ga lemo, ga fanke da cincin. Hadimin da ya yini yana jiran maigidansa kuwa, sai tsakar dare yake samun zama da kulin tsire ko malmalar tuwo, a gajiye, a gaggauce. A 2013 Eric Robinson da abokan aikinsa a Birtaniya sun tattara bincike 24, suka gano cewa wanda ya ci abinci hankalinsa na wani wuri yakan ci fiye da yadda ya saba a lokacin, kuma yakan ƙara ci daga baya, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe abincin farko da kyau ba.

A nan ne horon tattara hankali ya shigo. Ma'anarsa ita ce mutum ya lura da abin da ke faruwa a jikinsa da zuciyarsa a daidai lokacin da yake faruwa, ba tare da zargin kai ba. Asalinsa yana cikin al'adar zuzzurfan tunani ta mabiya addinin Buda, amma Jon Kabat-Zinn ya raba shi da ibada, ya mai da shi shirin asibiti na mako takwas a makarantar koyon likita ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka a 1979, da farko domin masu fama da ciwo mai naci da damuwa. Sanannen darasinsa shi ne a ba mutum ƙwayar zabibi ɗaya, ya dube ta, ya shinshina, ya tauna a hankali na tsawon mintuna. Abin kamar wasan yara, amma da yawa a nan suke fara gane cewa sun daɗe suna haɗiya ba tare da ɗanɗano ba.

Wadda ta karkata horon zuwa ga cin abinci ita ce Jean Kristeller, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar Indiyana. A ƙaramin binciken da ta wallafa a 1999, mata 18 masu ƙiba da ke fama da cin da ba sa iya tsayar da shi sun rage aukuwarsa daga sama da sau huɗu a mako zuwa ƙasa da sau biyu. Abin da ta koya musu shi ne bambance yunwar ciki da kwaɗayin da ɓacin rai, kaɗaici ko gajiya ke haifarwa, da kuma lura da lokacin da daɗin abinci ya fara raguwa a harshe, wanda kan zo tun kafin ciki ya cika.

Akwai dalili a cikin halittar jiki. Damuwa mai ɗorewa tana ɗaga sinadarin kotisol, shi kuma yana ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo, yana taimaka wa kitse taruwa a ciki, wato kitsen da ke da alaƙa da ciwon suga da hawan jini. Saƙon ƙoshi kuma ba nan take yake isa ƙwaƙwalwa daga hanji ba. Ana ƙiyasta shi da kimanin minti ashirin. Wanda ya share faranti cikin minti biyar ya riga saƙon isa.

Sai dai masu tallata horon a intanet kan wuce gona da iri. Gwaji mafi tsauri da aka fi ambata shi ne wanda Jennifer Daubenmier ta jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, aka wallafa a 2016. An raba masu ƙiba 194 gida biyu, dukansu aka ɗora su a kan tsarin abinci da motsa jiki iri ɗaya na wata biyar da rabi, amma rukuni ɗaya aka ƙara masa horon tattara hankali. Bayan wata 18, waɗanda suka sami horon sun ɗara takwarorinsu rage nauyi da abin da bai kai kilo biyu ba, bambancin da ƙididdiga ba ta iya tabbatar da cewa ba dace ba ne. Inda aka ga tazara ta gaske shi ne a sugan jini na kafin karin kumallo, wanda ya fi kyau a wurinsu. Wato horon ba ya narkar da kitse. Hannun da ke miƙewa zuwa faranti ba tare da yunwa ba yake horarwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga duk wanda ya taɓa rage kilo goma ya ga sun dawo cikin shekara.

A aikace bai buƙatar kuɗi ko kayan aiki. Mutum ya bar teburin aikinsa idan zai ci, ya kife wayarsa, ya ja numfashi 'yan lokuta, ya tambayi kansa ko yunwa ce ko kuwa fushin wata takarda da aka dawo masa da ita. Ya ajiye cokali tsakanin loma da loma, ya dakata idan ya kai rabi. Ga Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne, tunda ladubban cin abinci sun tanadi farawa da bisimilla da barin gurbi a ciki domin ruwa da numfashi. Shirye-shiryen da aka gwada, duk da haka, sun haɗa da zama shiru ana bin numfashi kusan kullum, kuma wannan ne ɓangaren da mutane suka fi saurin watsarwa.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin, ko shan maganin da ke saukar da suga, kada ya jinkirta abinci da sunan jiran yunwar gaskiya sai da shawarar likitansa. Haka nan wanda nauyinsa ya hau cikin ɗan lokaci ba tare da ya sauya ci ba, gwajin asibiti ya kamata ya fara nema, domin matsalar maƙoƙo da wasu magunguna kan jawo hakan.