Kare da Maigidansa, Ciwo Guda

A ƙasar Suwidin kowa na da lambar shaida guda wadda ke binsa daga asibiti har kantin magani. Karnuka ma doka ta tilasta a yi musu rajista, kuma masu su da dama na yankar musu inshorar lafiya. Sai masu bincike a Jami'ar Uppsala suka ce bari su haɗa bayanan biyu su gani.

Sakamakon ya fito a mujallar BMJ a Disambar 2020. Mutumin da karensa ke da ciwon sukari, haɗarin ya kamu da nau'i na 2 ya ɗara na mai lafiyayyen kare da kashi 38 cikin ɗari. Ba yaɗuwa ciwon ke yi ba. Zaton da ake yi, zaman ne ya zo ɗaya: maigidan da ke ƙyuyar fita, karensa ma a kwance zai wuni. Kyanwa kuwa, da yake harkar gabanta take yi, ba a ga wata alaƙa ba.

Ni dai ban yi mamaki ba. A Minamata ta Japan, kafin a tabbatar da cutar gubar makuri a 1956, kyanwoyin masunta ne suka fara tangaɗi suna faɗawa teku, don kifi ɗaya suke ci da mutanen gidan.

Inda nake ɗari-ɗari da binciken na Suwidin shi ne sirri. Ko an goge sunan mutum, irin karensa da shekarunsa da unguwarsu na iya tona ko wane ne.